Rahoton da Yaya Ta Sa wa Hannu

Tun muna yara Mama ba ta son aiken Yaya. In ta ce, "Je ki zuba gishiri kaɗan a tukunya," sai Yaya ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Kaɗan na cokali ko kaɗan na yatsa?" Mama ta ɗaga murfin tukunya kamar za ta jefe ta da shi. Ni ne autan gidan, shekara tara ke tsakaninmu, kuma ni ake aika a madadinta don ni ba na tambaya. In tafi da gudu, in dawo da abin da ba shi aka ce ba, a yi mini faɗa, gobe a sake aikena. Ita kuwa ƙawayenta na makaranta suka laƙaba mata Me-Kake-Nufi, sunan ya bi ta har gidan miji.

Shekara goma sha huɗu ta yi a tagar ba da magani ta wani asibiti, tana zuba ƙwayoyi a 'yar ambulan tana rubuta yadda za a sha. A shekararta ta biyu ta rubuta wa wani tsoho "uku kullum". Abin da take nufi, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Tsohon ya riƙa haɗiye ukun gaba ɗaya da sassafe, a rana ta huɗu jiri ya kwashe shi a banɗaki ya fasa goshi. Likita ya ce laifin tsohon ne, don bai tambaya ba. Yaya ta ce tsohon ya yi daidai abin da aka rubuta masa. Daga ranar ba ta ƙara sallamar kowa ba sai ya maimaita mata da bakinsa yadda zai sha maganin. Layi ya kai har bakin ƙofa, mutane suna tsaki, ko a jikinta.

Da aka ba wani ɗan kwangila sashen magani, ya sa aka auna aikin kowa da agogo. Sauran ma'aikata suna sallamar mutum a ƙasa da minti ɗaya, Yaya tana cin minti uku. Ita aka fara sallama.

Ni a lokacin ina ɗaukar waya a wani kamfani da ke hawa na uku na wani bene, saman shagon masu sayar da tayil. Aikin kamfanin riƙe wa mutane adireshin shafukansu na intanet. Makaranta, shago, ƙungiya, duk mai shafi yana da sunan da ake bugawa a same shi, kuma wasiƙunsa na imel ta wannan sunan suke shigowa. In sunan ya fita daga hannunka, shafinka da wasiƙunka sun tafi tare da shi. Shi ya sa kowane adireshi akwai kulle a kansa. Ba a cire shi sai in mai adireshin zai ƙaura zuwa wani kamfani, kuma sai an tabbatar shi ɗin ne. Adireshi dubu huɗu da ɗoriya ke hannunmu.

Ni na kai Yaya wurin. Ina so a riƙe wannan, don shi ke ci mini rai har yau. Ana neman wanda zai rubuta wa abokan hulɗa bayanan taimako cikin sauƙi, na ce wa Manaja ina da wadda ba a taɓa kasa gane rubutunta ba. Wata takwas ta yi tana wannan, kiran da ke shigo mini ya ragu sosai.

Sai aka kawo Wakili. Manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira, mu a ofis Wakili muke ce masa. Yana karanta saƙon abokin hulɗa, ya gane abin da yake so, ya yi masa, ba tare da wani ma'aikaci ya taɓa komai ba. An ba shi kayan aiki arba'in da ɗaya: na sabunta adireshi, na canza hanyar da wasiƙu ke bi, na sabunta shaidar tsaron shafi, na cire kulle, da sauransu. Amma Wakili ba ya ganin abin da kowane kayan aiki ke yi a ciki. Abin da yake gani kawai layi ɗaya ko biyu ne da injiniya ya rubuta a kai, da shi yake zaɓa. Da aka yi wa Yaya wannan bayanin ta ce, "To ai maras lafiya ne da ambulan a hannu. Abin da aka rubuta masa shi zai sha."

Ana buƙatar wanda zai gwada ko waɗannan bayanai suna shiryar da Wakili ko suna ɓatar da shi. Injiniyoyi uku muke da su, babu wanda ya yarda, wai aikin wahala ne maras daraja. Aka tura wa Yaya. Aka ba ta ɗakin ajiya, ba taga, da matattun firintoci uku a kusurwa da fanka mai tsayi da aka ɗaure wuyanta da waya.

Kafin ta fara, sai da ta zauna kusa da ni mako guda tana sauraron masu kira. Ta ce injiniyoyi suna gwada Wakili da saƙonni masu tsabta irin waɗanda ba wanda yake rubutawa. Ta koma ɗakinta ta riƙa rubuta saƙonni kamar na mutane na gaske: na mai fushi, na tsohon da bai san sunan abin da ya lalace ba, na sakatariyar da oganta ke tsaye a kanta, na maƙaryaci mai daɗin baki. Tana tura su ga wani kwafin Wakili da ba ya taɓa adireshin kowa, ta ga abin da zai ɗauka, ta karanta dalilin da ya bayar. Tana da babban littafi mai layi uku: abin da aka nema, abin da ya ɗauka, abin da ya kamata ya ɗauka.

Da farko abin dariya ne. Akwai kayan aikin da aka rubuta wa "yana tsaftace bayanan adireshi". Yaya ta tura saƙo a matsayin shugabar makaranta tana cewa a taimaka a tsaftace musu shafi, baƙi za su duba. Wakili ya goge komai, har hanyar wasiƙu, sannan ya rubuto cikin ladabi cewa an tsaftace. Akwai wasu biyu kuma da bayaninsu iri ɗaya ne sak, don wanda ya rubuta kwafa ya yi ya manna, Wakili yana zaɓa tsakaninsu kamar mai jefa kwabo. Wanda ya rubuta bayanan gaba ɗaya shi ne babban injiniyanmu, da muke kira Yanzu-Yanzu, saboda duk abin da ka kai masa zai ce, "Yanzu-yanzu zan duba." Waɗannan ƙananan ya gyara yana dariya, yana cewa, "Anti, ke kam ba a ɓoye miki komai."

Dariyar ta ƙare a kan kayan aikin cire kulle. Abin da aka rubuta a kansa shi ne, "Yana magance matsalar kulle a adireshi." Ke nan. Abin da yake yi a gaskiya kuwa, yana cire kullen, ya aika wa wanda ya rubuto lambar da zai ɗauke adireshin da ita daga hannunmu.

Yaya ta rubuta saƙonni ɗari uku da babu ɗaya a ciki da ya cancanci a cire kulle. Wani ya manta lambar shiga, wani shafinsa ba ya buɗewa, wani ɓarawo ne yana kukan gaggawa. Sau ashirin da uku Wakili ya cire kullen. Dalilinsa kusan kullum ɗaya ne: mutumin ya ce an kulle shi, ga kuma kayan aikin da ke magance matsalar kulle.

Ta goge layin, ta rubuta jimla uku a madadinsa. Na haddace su don na karanta su sau da yawa daga baya. "Wannan yana cire kariyar adireshi, ya ba da lambar da za a ɗauke shi da ita daga hannunmu gaba ɗaya. Kada a yi amfani da shi don wani ya ce shafinsa ba ya buɗewa ko ya manta lambar shiga. Kada a yi amfani da shi sai ma'aikaci ya tabbatar da mai adireshin." Ta sake tura saƙonnin ɗari uku. Sau ɗaya kacal ya kauce. Ko wannan ɗayan bai kwanta mata ba. Ta ce rubutu kaɗai ba ya isa, a sa maɓalli wanda sai mutum ya danna kafin kulle ya fita.

Aka kira taro saura kwana tara a ƙaddamar da Wakili. Ina wurin don ni ke wakiltar masu ɗaukar waya. Manaja ya haska allo, ya nuna cewa a kan wannan kayan aikin Wakili ya ci casa'in da biyu cikin ɗari.

"Malama," in ji shi, "casa'in da biyu fa. Ɗanki ya kawo miki wannan sakamakon daga makaranta ai sai ki saya masa keke."

"Yallaɓai, in mai ba da magani ya ba mutum casa'in da biyu daidai, ya ba takwas wanda zai kashe su, keke za ka saya masa?"

"Nan ba asibiti ba ne."

"Ka san su wa ke cikin dubu huɗun nan? Na karanta sunayensu. Akwai asibitoci goma sha ɗaya."

Yanzu-Yanzu ya gyara zama. Fuskarsa ta riga ta canza tun da ya ga an haska layinsa a allo kowa yana karantawa. Ya ce akwai ƙa'idar da shi ya kafa cewa bayani kada ya wuce layi ɗaya, don dogon bayani yana rage wa Wakili sauri. Ya ce saƙonnin Anti ba na gaske ba ne, ita ta zauna ta ƙirƙiro su don ta yaudari manhajar.

"To ɓarawon fa?" in ji Yaya. "Shi zai zo ya tambaye ka yadda kake so ya rubuta?"

"Anti, da girmanki, wannan fannin ba naki ba ne. Ba ƙirga ƙwaya ba ne."

Yaya ta rufe littafinta a hankali. Na san wannan rufewar, a gida in ta yi ta kowa yana neman hanyar fita.

"Gaskiya ne, ƙanena," ta ce. "Ban iya rubuta manhaja ba. Amma wannan layin ba manhaja ba ce, magana ce, kuma maganar ƙarya ce. Abin yana buɗe ƙofa ya miƙa makulli, kai ka rubuta yana magance matsala."

Manaja ya ɗaga hannu. Ya ce maɓallin da take so ba zai yiwu ba, domin an riga an buga a allunan talla cewa Wakili yana aiki ba hannun mutum. Ya ce za a duba jimlolinta bayan ƙaddamarwa. Abin da ake buƙata yanzu shi ne ta sa hannu a rahoton gwaji, don masu kamfanin suna jiransa. Ta ce ba za ta sa ba. Ya ce sa hannun ba yana nufin ta amince ba ne, yana nufin an gwada ne kawai. Ta ce to a rubuta hakan a jiki. Ya tashi taron.

A bakin matakala ya tare ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ka kawo mana ita. Ka san yadda za ka yi da 'yar'uwarka." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Ranar Lahadi da la'asar na je gidanta. Mijinta, mai gyaran firji ne, yana tsakar gida ya kwantar da wani firji yana fama da bayansa. Ya gan ni ya ce, "Auta, in lallashi ka zo yi, koma ka ƙara shan ruwa. Ni shekara ashirin ina yi." Na same ta a falo tana ninke kayan makarantar 'ya'yanta. Na faɗa mata duk abin da matsoraci ke faɗa. Na ce matata tana da ciki wata bakwai. Na ce ita an taɓa sallamarta sau ɗaya, a shekarunta wa zai sake ɗaukarta. Na ce sun yi alkawarin gyarawa bayan mako biyu, mene ne zai faru cikin mako biyu.

"Kai ma ka san ba daidai ba ne," ta ce.

"Na sani, Yaya. Amma ki taimake ni."

Tun muna ƙanana ban taɓa roƙonta abu da wannan kalmar ta hana ni ba, kuma na san haka lokacin da na faɗe ta.

Ranar Litinin ta sa hannu a shafi na farko. A shafi na biyu ta rubuta da biro cewa an gwada kayan aikin cire kulle bai wuce ba, ta jera alƙaluman, ta ce kada a buɗe shi sai an gyara. Ta sa hannu a nan ma, ta ɗauki hoton shafukan biyu da wayarta. Manaja ya karɓa ya yi godiya. Daga baya muka gano shafi na farko kaɗai ya kai wa masu kamfani.

Aka ƙaddamar da Wakili da balan-balan da lemon kwalba. Mako biyu suka wuce, uku suka wuce. Kullum Yaya sai ta leƙa teburin Yanzu-Yanzu, kullum sai ya ce yanzu-yanzu. A mako na shida, ranar Litinin da safe, wayata ta yi ƙara.

Muryar dattijuwa ce. Ta ce ita ce sakatariyar ƙungiyar masu ba da jini kyauta, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, Sista ake ce mata. Ta ce tun ranar Alhamis ba saƙon da ya shigo musu daga asibitoci, abin da bai taɓa faruwa ba, kuma yanzu ta buɗe shafinsu ta ga tallan caca.

Na buɗe bayanansu. Adireshin ba ya hannunmu. Ranar Alhamis da rana wani ya rubuto wa Wakili cewa shi jami'in ƙungiyar ne, an kulle musu shafi, rayuka na cikin haɗari, a yi gaggawa. Wakili ya rubuta dalilinsa a layi ɗaya: abokin hulɗa yana da matsalar kulle, ga kayan aikin da ke magance ta. Ya cire kullen, ya aika lambar, ya rufe da fatan alheri. Kafin Juma'a an ɗauke adireshin zuwa wani kamfani a wata ƙasa.

Na tafi ɗakin ajiya na nuna wa Yaya. Ta karanta, ta buɗe littafinta, ta juya shafuka, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Saƙon gwaji na ɗari da sittin da bakwai. Kusan kalma da kalma irin na ɓarawon ne. Ko kallona ba ta yi ba.

Washegari Sista ta zo da kanta. Ta hau bene uku da gwiwa mai ciwo, tana dafa bango. Manaja ya shigar da ita ofishinsa, ya sa aka kawo ruwa, ya fara ba ta haƙuri da manyan kalmomi. Ƙofar a buɗe take, duk muna ji.

"Ɗana, ajiye ruwanka," ta ce. "Bari in gaya maka yadda abin yake aiki, don na ga kamar ba ka sani ba. Asibiti ya cika fom a shafinmu, saƙo ya tafi wayoyin masu irin jinin da ake nema. Na bi asibitoci jiya ɗaya bayan ɗaya. Buƙata goma sha ɗaya aka aiko cikin kwana huɗun nan, ba wadda ta iso. Goma sun samu ta wata hanya. Na goma sha ɗayan direban babbar mota ne da aka kawo daga haɗari ranar Asabar. Jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne. Mutum shida muke da su masu irinsa, ɗaya a bayan asibitin yake zaune, da ƙafa zai iso. Ma'aikacin asibitin ya cika fom sau biyu, ya buga wayar ofishinmu, Asabar ce ba kowa. Direban ya rasu kafin la'asar."

Manaja ya ce, "Inna, Allah ya jiƙansa, amma ba za a iya cewa…"

"Na sani. Likita ma ya ce ko an samu jinin ba lallai ne ya tashi ba. Ban ce ku kuka kashe shi ba. Amma kada ka sake ka ce mini ba ruwanku."

Kwana biyu bayan haka aka kira Yaya. Manaja, da Yanzu-Yanzu, da wani lauya da ban taɓa gani ba. Ni an ce in kawo fayil ɗin ƙungiyar, na kawo, na tsaya a bakin ƙofa ba wanda ya ce in fita. Manaja ya ɗora shafi na farko a tebur. Ya ce bincike ya nuna an samu sakaci a sashen gwaji, kuma sashen gwaji mutum ɗaya ne. Ya ce don mutuncinta an ba ta dama ta ajiye aiki da kanta.

Yaya ta ciro wayarta ta nuna hoton shafi na biyu. Lauyan ya leƙa, ya kalli Manaja. Manaja ya ce bai tuna da wannan shafin ba, kuma takardun cikin gida ba a fitar da su waje, tana iya shiga matsala.

Nan Yaya ta tashi tsaye. Ban taɓa jin muryarta haka ba, har masu tayil a ƙasa sun ce sun ji.

"Ba ka tuna ba? A hannunka na sa shi, ka ce mini na gode! Kwana arba'in da biyu ina bin wannan yaron a kan jimla uku. Jimla uku! Da ya manna su da ya gama kafin shayinsa ya huce. Kun ƙi don kada a ce mai ƙirga ƙwaya ta gyara wa injiniya, kun ƙi don kun riga kun buga allo. Yanzu mutum yana ƙasa, ku kuna neman wanda za ku shafa wa kashin kaji. Kai injiniya, ɗago ka kalle ni. Na nuna maka ko ban nuna maka ba?"

Yanzu-Yanzu yana kallon wayarsa kamar an manna idonsa a jiki.

"Ba zan ajiye aiki ba," ta ce. "Ku kore ni, ku rubuta dalili da hannunku."

Suka kore ta. Ni kuma ina tsaye da fayil a hannu, na san taron da aka yi, na san abin da aka faɗa mini a bakin matakala, ban buɗe baki ba. Ta wuce ta gabana ta ɗauki littafinta da kofinta daga ɗakin ajiya, ta sauka.

Ranar Litinin mai zuwa na buɗe bayanan kayan aikin Wakili. Jimlolinta uku suna nan a kan na cire kulle, ko waƙafi ba a canza ba. An kuma sa maɓallin da sai mutum ya danna. Ni aka ba dannawa. Bayan wata guda aka buga sabon allo, an rubuta cewa kamfaninmu ya ƙirƙiro sabon tsarin tsaro mai tabbacin mutum, ga hoton Yanzu-Yanzu ya harɗe hannu yana murmushi. Kullum ta gabansa nake wucewa in hau bene. Wata rana mun haɗu da shi a matakala ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ka gaishe da Anti. Ka ce mata ni ban so abin ya kai haka ba." Na ce masa ya san gidan. Bai je ba.

Yaya ba ta zauna a gida tana kuka ba. Washegarin korarta ta nemo ofishin ƙungiyar, ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin tabarau. Ta ce wa Sista ita ce ma'aikaciyar da kamfani ya kora bisa zargin sakaci, ta nuna mata shafukan biyu. Sista ta karanta, ta jawo mata kujera. Su biyun suka tattara takardun shaida, suka yi ta rubuta wa kamfanin da aka kai adireshin, kwana goma sha tara kafin a dawo da shi. A tsakanin, Yaya ta kwafe sunayen masu ba da jini gaba ɗaya a rajistar takarda, ta bi asibitoci ta manna lambar wayarta a ɗakunan gwaji. Da adireshin ya dawo, Sista ta ɗauke shi daga kamfaninmu a ranar, ta kuma gaya wa duk wanda ta sani dalili. Ƙungiyoyi da asibitoci kusan ashirin suka bi ta. Manaja ya ce a taro wai yanayin kasuwa ne.

Ba a kai kowa kotu ba. Iyalan direban ba su ma san akwai wani Wakili a duniya ba. Yaya yanzu tana shan maganin hawan jini, kuma in an ambaci kamfanin a gabanta sai mijinta ya yi sauri ya kawo wata hira. Wasu ƙananan kamfanoni biyu da suka ji labarinta suna aiko mata bayanan kayan aikinsu ta gwada a teburin falonta. Ɗaya ya daina aikowa bayan rahotonta na farko.

Ni ina nan ina danna maɓalli. Cikin wata biyar na hana cire kulle sau goma sha huɗu ga mutanen da ba su da haƙƙi, kuma duk lokacin da na hana sai raina ya ƙara ɓaci.

Wata biyu ba ta ɗauki wayata ba. Ko da matata ta haihu, ta zo ta ɗauki jaririyar, ta yi hira da kowa, ni ta gaishe ni kamar maƙwabci. Sai wata Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara, na ga ita ce.

"Auta, jininka wane iri ne?"

Na faɗa mata.

"Haka na zata. Ana nema a asibitin da ke bayan tasha, mace ce za a yi wa aiki. Ka ci wani abu kafin ka zo."

Ta san tsoron allura nake tun ina yaro. Na ce wa Manaja zan fita, ya tambaye ni ina, na ce ba da jini, ya sunkuyar da kai kan takardunsa. Na same ta a bakin ɗakin gwaji da rajistarta a hannu. Aka kwantar da ni, ma'aikaciyar ta ɗaure mini hannu, na juya fuskata ga bango. Na ce, "Yaya, game da ranar nan…"

"Ba yanzu ba," ta ce. "Ban huce ba tukuna. Matse hannunka, jinin ba ya tafiya."

Na matse. Ta zauna a kujerar da ke gefen gadon har jakar ta cika, sannan ta rubuta sunana a rajistar, ta ce kada in tashi sai bayan minti goma, ta fita kiran mutum na gaba.